Ranar da Famfon Iska Ya Shigo Ɓangaren Mata

Har yau ban manta da ranar da na zare makullin dabbab daga ƙarƙashin hannun yayar kafilina ba. Idan na tuna sai in ji kamar yanzu ne. Ku da kuka zo aikin nan daga baya kun tarar da famfon iska a rataye a ɓangarenmu na mata, kuna tsammanin haka aka fara. Ba haka aka fara ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta muku yadda ya shigo. A aji huɗu na tsaya da boko, sai ku yi haƙuri da rubutun.

Ga wanda bai san wurin ba, sansanin namu yana Sumama ne, arewa da Riyad, inda jan rairayi ya yi tudu-tudu. Da sanyi ya shigo, mutanen gari kan fito da iyalansu Juma'a da Asabar, su sha shayi, su gasa nama, su hau dabbab. Dabbab babur ne mai ƙafa huɗu, hayarsa muke bayarwa. Lokacin da nake ba ku labari ba a riga an ba mata izinin tuƙa mota ba, saura kamar shekara biyu. To mace ta samu abin da za ta danna da hannunta ya tafi da ita, ai kun san layi ba ya yankewa.

Mai wurin shi ne Abu Faisal, kuma shi ne kafilinmu, ni da mijina, wato takardun zamanmu duk a ƙarƙashin sunansa suke. Mijina direban gidansa ne a Al-Naseem. Makanikinmu Baba Mahamadu, mutumin Maraɗi, dattijo ne da ya daɗe a ƙasar har Larabcinsa ya fi na wasu 'yan gari daɗin ji. Ni kuma ɓangaren mata aka ba ni: in sa wa mace hular kwano, in tattare mata abaya in ɗaure don kada taya ta kama, in nuna mata birki. Tsakaninmu da maza akwai dogon shinge na tamfol. Namiji ba ya shigowa, ba ya leƙowa. Dabbab ma ta wata 'yar ƙofa ake turo shi, in karɓa daga ciki. 'Yata Husna lokacin shekararta ɗaya da rabi, tana bayana ko tana barci cikin tanti, ni kuma rabin hankalina yana wurinta kullum. Kunama nake tsoro, garwashi nake tsoro, har igiyar tanti tsoronta nake.

A shekarar ne Abu Faisal ya je hutu wata ƙasa mai dusar ƙanƙara, ya hau babur ɗin da suke tuƙawa a kan ƙanƙarar, mai katako biyu a gaba maimakon taya. Ya dawo ba shi da hira sai tasa. Bayan wata guda sai ga kwalaye sun iso. Akwai dogayen fitilu, da makarin hannu, da kujerar baya mai majingina, har da wata roba ta kan hannun tuƙi wadda ke ɗumama kanta. Baba Mahamadu ya juya ta, ya sake juyawa, ya ce, "A Riyad? To, a ajiye, ma ɗumama gurasa da ita."

Babban abin da ke cikin kwalayen shi ne shakazoba. Shakazoba ita ce ke tsakanin taya da jikin dabbab, ita ke shanye girgiza idan an faɗa rami. Tsofaffin namu na ƙarfe ne mai murɗe, ba ruwanka da su. Waɗannan sababbin na babur ɗin ƙanƙarar ne, ba ƙarfe a cikinsu, iska ce. Sai da Baba ya yi mako biyu yana zirga-zirga wurin masu walda kafin ya samu ya ɗaura su a kan dabbab huɗu na ɓangarenmu. Da aka gama kuwa, abin ya yi laushi kamar katifa. Amma akwai sharaɗi: dole a sa iskar daidai da nauyin mai hawa. In ta yi yawa, dabbab ya dinga tsalle. In ta yi kaɗan, idan aka sauko daga tudu shakazobar ta nutse har ƙarshe, ƙarfe ya daki ƙarfe, duk abin da ke baya ya tashi sama.

Sai aka tsara aiki haka. An manna wata takarda a jikin kwantenar da Baba ke aiki a ciki, kilo a gefe ɗaya, yawan iska a ɗaya gefen. Ni zan tambayi mace nauyinta, in je bakin tamfol in faɗa da ƙarfi. Baba ya duba takarda, ya ɗaga dabbab da jek, ya buga iska da ƙaramin famfon hannu mai agogo, ya turo.

A takarda tsarin ya yi kyau. Wanda ya rubuta ta dai bai taɓa tambayar mace nauyinta a gaban 'yan uwanta mata ba, balle kuma ta ji ana shelarsa ga wani namiji a bayan shinge. Mako bai cika ba Baba ya ce mini, "Ɗiyata, ashe duk matan Riyad kilo sittin ne?" Daga nan ya fara dabararsa. Duk abin da na faɗa sai ya ƙara goma saboda Allah, in kuma ya jiyo muryar matar ta cika, ya ƙara ashirin.

Ni hankalina bai kwanta da wannan ba. Wata rana wata budurwa ta sauko daga tudu da jarkar ruwa ɗaure a bayan dabbab ɗinta. Na ji ƙara, kwas, na ga jarkar ta tsinke ta yi sama ta faɗi can gefe ta fashe. Kowa ya yi dariya. Ni ban yi ba, don girman jarkar kamar na Husna ne. Tun daga ranar na fara lura da yadda bayan dabbab ke sauka idan mace ta zauna. Na ɗaura zare a ƙarfen baya na kowanne, na rataya masa ƙaramin noti, na yi alama da jan farce a jikin shakazobar daidai inda notin ke tsayawa in ba kowa a kai. Sai na gane wadda notin ya sauka mata yatsa uku takan dawo tana murmushi. Wadda ya wuce huɗu takan dawo tana dafa ƙugu. Na gaya wa Baba, ya ce, "Abin da masu ƙera ta ke aunawa ke nan, su da tef, ke da yatsa." Amma famfo yana wurinsa, ni ido kawai gare ni.

Ranar da abin ya faru Asabar ce, bayan la'asar. Tun da safe Abu Faisal ya iso da kansa, abin da ba ya yi. Yayarsa Umm Nasir ce za ta zo daga Al-Badi'a, karon farko. Ita ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, a gabanta ko ƙafa ba ya miƙewa. Ya sa matarsa ta tambaye ta nauyinta a waya, aka ce saba'in. Ya zaɓi dabbab mafi kyau, ya ɗaura sabuwar kujerar bayan, ya duba takarda, ya buga iskar kilo saba'in cif da hannunsa, ya goge ƙura da gefen rawaninsa. Baba yana tsaye, ba halin ƙara ashirin ɗinsa. Da aka turo mini, sai na ji muryar Abu Faisal ta bayan tamfol: "Ya Umm Husna, wannan na yayata ne. Kada kowa ya taɓa shi."

Umm Nasir ta iso da jikarta Jud, 'yar shekara huɗu, da wasu mata na danginsu. Mace ce mai jiki, masha Allah, mai kwarjini kuma, idan ta yi magana kowa ya nutsu. Na gaishe ta, na sa mata hula, na ɗaure abaya. Ta hau ta zauna.

Bayan dabbab ɗin ya yi ƙasa kamar raƙumi zai durƙusa. Na sunkuya kamar ina gyara mata gefen abaya, na kai hannu. Yatsa huɗu, da babban yatsa, notin bai tsaya ba sai da ya wuce tafin hannuna gaba ɗaya. Kafin in ɗago, an ɗauki Jud an ɗora ta a sabuwar kujerar. Umm Nasir ta nuna babban tudun da ke gabas ta ce wa matan, "Can za mu hau, ku ɗauke mu a waya."

Bari in gaya muku abin da ke raina a lokacin, don kada ku ɗauka jarumta ce. Saura wata biyu iƙamata, wato katin izinin zamana, ta ƙare, kuma matar Abu Faisal ta riga ta faɗa wa mijina cewa mai goyo aikinta rabi ne, za a duba bayan sanyi ko za a sabunta ko in koma gida. Komawa gida kuwa na nufin ni da Husna a Katsina, shi a nan, sai bayan shekara biyu a ga juna. Na san wannan sarai. Na ce a raina, ke Saudatu, wa ya aike ki, ai mai wuri ne ya sa iskarsa. Sai na ga Jud ta kama majinginar da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da alewa.

Umm Nasir ta kai hannu za ta murɗa makulli. Na riga ta, na zare shi.

Ta dube ni daga sama har ƙasa ta cikin gilashin hular.

"Ke, mene ne haka?"

Larabcina na kicin ne, amma na tattaro shi. Na ce, "Ammati," haka muke kiran iyayen gidanmu mata, "ki yi haƙuri, iskar ta yi kaɗan."

"Ƙanena ne ya sa ta da hannunsa. Ke kin fi shi sani? Ba ni."

Na mayar da hannuna baya. Ban san lokacin da na yi haka ba. Ta ciro waya ta kira shi, minti ɗaya bai cika ba na ga inuwarsa a jikin tamfol, ta Baba tana biye.

"Ya Umm Husna, ba ta makullin."

"Ammi," haka muke kiran iyayen gidanmu maza, "ba zan iya ba."

"Ba za ki iya ba? Ni na auna. Saba'in aka ce, na sa na saba'in. Ko takardar ce ta yi ƙarya?"

Nan ne wurin ya yi mini tsauri. Matan duk sun zuba mini ido, wata ma wayarta a ɗage. Amsar gaskiya kalma uku ce, kuma da na faɗe ta a gaban surukai da ƙanne da maza biyu a bayan shinge, da Umm Nasir ba ta sake duban fuskata ba har abada, shi ma ba zai yafe ba. Na dube ta, na ga ta daina hararata, ƙasa take kallo. Ita ma ta san kalmomin.

Na ce, "Lissafinka daidai ne, Ammi. Sabuwar kujerar ce ke da nauyi, ga kuma yarinya."

Ya ce, "Tayyib. Kujera biyar, Jud goma sha biyar. Turo shi in ƙara na ashirin."

Sai na juya Hausa, wadda ba mai ji a cikinsu. "Baba, ashirin ba za ta yi komai ba. Ya wuce tafin hannuna tun kafin a ɗora yarinyar."

"Tafin hannu duka?"

"Duka, Baba."

Na ji ya yi salati a hankali. Daga nan ya koma Larabci, cikin natsuwa kamar yana karanta wasiƙa. Ya ce wa Abu Faisal takardar nan ta babur ɗin ƙanƙara ce, ba ta san wannan kujerar ba, kujerar kuma can baya ta zauna, nauyinta ba ya biyo lissafi. Ba yadda za a gane sai an auna mai hawa tana zaune a kai. Ya ce, "Ni ba zan shiga ba, kai ma ba za ka shiga gaban matan mutane ba. Ita kaɗai ke da ido a ciki."

"Ta iya?"

"Za ta iya."

Can sai ƙasan tamfol ya ɗaga, jek ya shigo, famfo ya biyo baya.

Ban taɓa riƙe shi ba sai ranar. Baba ya tsuguna ta can, na tsuguna ta nan, tamfol a tsakani, yana faɗa ina yi. Na roƙi Umm Nasir ta sauko. Na sa jek na ɗaga har tayoyin baya suka bar ƙasa, don ba a buga iska nauyi yana kai. Na kwance ɗan murfin, na murɗa bakin tiyo a hankali har allurar agogon ta zabura.

"Goma-goma za ki ƙara, ɗiyata, kada ki yi gaggawa. Abin da kika sa a dama shi za ki sa a hagu, ko ya karkace da ita."

Da na kwance tiyon sai na ji fiss. "Baba, ta fita!"

"Ta cikin tiyo ce, ba ta ciki ba. Mi kike tsoro haka? Sauke jek."

Na sauke, ta hau, na auna. Yatsa biyar. Ta sauko, na ɗaga, na buga, ta hau. Huɗu da rabi. Matan sun gaji sun koma wurin shayi, sai mu biyu da Jud tana wasa da yashi. A hawa na uku Umm Nasir tana haki ta sunkuyo dab da kunnena.

"Nawa agogon ya nuna?"

Na rufe shi da hannuna. "Ammati, ni yatsa nake ƙirgawa. Lamba ta maza ce."

Ta dube ni na ɗan lokaci, sai dariya ta ƙwace mata, har hular tana rawa. "Shaiɗaniya," ta ce. "Buga, buga."

A karo na huɗu, da Jud a kujera, notin ya tsaya a yatsa uku. Na miƙa mata makulli da hannu biyu, amma bakina bai yi shiru ba. Na roƙe ta ta zaga da yarinyar a fili kawai, in tudu take so ta bar mini ita.

"Ke dai matsoraciya ce."

"Ƙwarai kuwa, Ammati."

Ta zaga da Jud sau uku a shimfiɗe, ta sauke ta, ta hau tudunta ita kaɗai. Ina riƙe da hannun Jud, Husna a bayana, ina kallo har ta sauko. Dabbab ɗin ya lanƙwasa ya miƙe ba ƙara. Ta sake komawa sau biyu.

Dab da magariba suka tafi. Na tura dabbab ta ƙofa, na tsaya ina leƙe ta ɗinkin tamfol, abin da aka hana mu. Abu Faisal ya sa an ɗaga shi, ya ɗaura famfo da kansa, ya dubi allura. Ya taka zuwa jikin kwantena, ya ɗora yatsa a kan saba'in, ya fara gangarowa da shi layi-layi. Ya gangara, ya gangara. Da ya tsaya, sai ya cire ashirin a bakinsa, ina ganin leɓensa na motsi. Baba kuwa ya ba shi baya yana ta goge sifana ɗaya wadda ba ta da datti.

"Ya Umm Husna."

Na ce a raina shi ke nan, Katsina ta kira. "Na'am, Ammi."

"Na ce kada a taɓa, kin taɓa. Kuma kin ƙwace makulli a gaban yayata."

"Haka ne."

"Wata rana kada ki ƙwace. Ki tsaya a gaban dabbab ɗin ki kira ni." Ya danna ɗan maɓallin famfon, iskar ta fita har allura ta dawo ƙasa. Ya kwance shi ya turo ta ƙarƙashin tamfol. "Wannan ya zauna a wurinki. Kada in ƙara jin ana kiran kilon kowa a sansanin nan. Halas."

Bai ce ya gode ba, ni ma ban jira ba. Maganar iƙama kuwa ba wanda ya tayar, na yi makonni ina jiran a kira ni a falo. Sai wata rana mijina ya shigo ɗaki ya ajiye mini katin a kan firji, an sabunta, ya ce maigida ne ya ba shi a mota. Na zauna a bakin gado na yi kukana, Husna tana ja mini ɗankwali.

Abin da na koya a ranar, shi nake so ku riƙe. Kayan nan masu kyau ne, amma a wata ƙasa aka yi su, don wasu mutane masu faɗin nauyinsu ba kunya. Takarda ba ta san matanmu ba, ku ne kuka san su. Kada ku tambayi mace kilonta, ko da wasa. Ku ce ta zauna, ku sunkuya ku gyara mata abaya, ku ƙirga yatsunku. In ya wuce uku, ku ce kujera ce, ku ce zafi ne, ku ce iska ce ta zurare, duk abin da ya zo bakinku, amma kada dabbab ya motsa sai kun gyara. Mai kuɗi da 'yar aiki duk ɗaya suke a kan shakazoba. Kuma mutanen nan, duk zafin kansu, suna gane wanda ya tsare musu yaro ya kuma rufa musu asiri, ko ba su faɗa ba.

Na san wata a cikinku za ta tambaye ni inda allurar ta tsaya a ranar. Ni na gani, shi ma ya gani. Ba zan rubuta ba.